Takardar Dubu Ta Sha Bula

"...Lafiya lau, aiki da godiya, yara suna gaishe ka. Ina rigar?"

"Haba 'Yar Gwaggo, gaisuwar ke nan? Ko kaza ce ta shiga gidan mutane ai takan ɗan tsaya ta kalli masu gida kafin ta fara tono."

A bakin shagon wanki da guga take tsaye tana haki, mayafi a karkace, takalmi wari da wari. Mai shagon ɗan kawunta ne, ita kuma 'yar gwaggonsa, wato taubasai. Tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba sai da wani ya sha ba'a. Ita ce ta laƙaba masa Sarkin Kumfa, har sunan ya bi shi duk unguwa.

Amma yau ba wasa ne ya kawo ta ba. Maigidanta ya ba ta takardar dubu ta biya kuɗin wuta. Lokacin hannunta a jiƙe yake, sai ta cusa ta a aljihun farar rigarsa da ke rataye a bayan ƙofa, ta manta. Da yamma ta tattara kayan wanki har da rigar, ta aika shago. Yau kuma wa'adi ya cika, in ba a biya ba masu wuta za su zo su yanke. Abin da ya fi yankan wutar ci mata rai shi ne, ita ce kullum ke yi wa maigidan faɗa a kan barin kaya a aljihu. In ya ji wannan, har jikoki sai sun sha labari.

Kumfa bai ko ɗago kai ba. Ya buɗe dutsen guga, ya hura gawayin da ke ciki, ya yayyafa wa wani wando ruwa.

"Wace riga? Rigunan da ke shagon nan sun fi gashin kanki yawa. Ko da yake wannan ba wani abin alfahari ba ne."

"Farar nan mai aljihu a ƙirji. Kumfa, kada ka sa wankin hula ya kai ni dare. Akwai kuɗi a ciki."

"Kuɗi? A rigar mijinki? Bawan Allah da tun ranar da ya kwaso ki aljihunsa bai sake ganin baƙo ba?"

"Dubu ce. Takarda ɗaya."

"Ban gani ba."

"Dube ni ka faɗa."

"Likita ya hana ni kallon abin tsoro da safe."

Ta ƙura masa ido. Gefen bakinsa na rawa, ga shi sai wani danne bargon guga yake da gwiwar hannu, wuri ɗaya. Hankalinta ya ɗan kwanta.

"As!" ta ce da ƙarfi.

Ya zabura har dutsen ya kusa kuɓuce masa.

"Ka gani? Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Fito da ita, ɓarawon baho."

"To ko na gani, ai sana'a tana da doka. Abin da ya shiga baho na baho ne. Baho kuwa da kuɗina na saya."

"Ashe da aljihun mutane ka yi wannan tumbin. Ni ina cewa kumfar ce kake sha."

"Tumbina na gado ne. Ke me kika gada in ban da baki?"

"Bakin nan shi zai kai wa matarka labari cewa kana da wata ajiya da ba ta sani ba."

Nan Kumfa ya ajiye dutse. Ya goge hannu a jikin singiletinsa, ya ɗaga gefen bargon a hankali kamar mai buɗe fuskar jariri, ya zaro takardar da yatsu biyu.

'Yar Gwaggo ta karɓa ta duba. Kuɗinta ne, amma sun canja kama. Takardar ta bi farar riga cikin ruwan bula, shuɗin nan da ake sa wa fararen kaya, ta fito shuɗiya shar. Ta sha sitaci ta sandare kamar kwali. A gefe ɗaya ga tambarin hancin dutsen guga, ƙona ja-ja. Lambobin jiki sai an kanne ido ake ganinsu.

"Na shiga uku! Me ka yi mata?"

"Gata. Yadda ta zo mini, ko kuturu ba zai karɓa ba, duk warin albasar hannunki. Na wanke ta, na sa mata bula, na ba ta sitaci, na goge. Wanki ɗari, guga ɗari, sitaci kyauta don zumunci. Kawo ɗari biyu ki ɗauki kayanki."

"In biya ka ladan ɓarna? Wa zai karɓi wannan? Mai karɓar kuɗin wuta ko 'yar yagewa ya gani sai ya turo maka abinka ta taga."

"To in ba kya so, ni mai taimako ne. Na saya ɗari bakwai."

"Dubun tawa?"

"Tsohuwar dubu. Ai ta yi hatsari."

Ta juya takardar a hannu, tana ƙara ƙaf-ƙaf. Idonta ya kawo ruwa, ta yi maza ta mayar, don ta san in Kumfa ya ga hawaye ya samu abin faɗa na shekara. Sai hannunta ya taɓa ƙullin da ke bakin mayafinta, ɗari huɗun da ta zo da su don biyan kuɗin wanki. Wata dabara ta faɗo mata. Ta sassauta murya.

"Kai dai faɗi gaskiya, Ɗan Kawu. Ka kashe kuɗin nan. Ko yaro ba zai ba ni alawa da su ba."

"Wa ya ce? Ke dai ba ki san kaya ba. Wannan ta fi sabuwa. Sabuwa tana da sitaci?"

"Ba mai karɓa."

"Duk ɗan kasuwar da ya ƙi wannan bai san kuɗi ba, gara ya rufe shago ya koma kiwon agwagi!"

"Ka tabbata?"

"Ni na faɗa. Sa hannuna ne a jiki."

"Madalla. Nawa ne kuɗin wankinmu?"

"Ɗari huɗu, kamar kullum."

Ta shimfiɗa shuɗiyar takardar a kan teburin guga, ta lallashe ta da tafin hannu.

"Ga shi. Ba ni canjin ɗari shida."

Kumfa ya sosa ƙeya. Ya dubi takardar, ya dubi ƙofa kamar mai jiran wani ya zo ya cece shi.

"Ai... yau ban yi ciniki ba. Babu canji."

"Ga gwangwani can a bayan sabulu, tun ɗazu nake jin yana kuka. Ko in je in tambayo maka kuɗin agwagi?"

"Wanzami dai ba ya son jarfa," ya faɗa ƙasa-ƙasa, yana jawo gwangwanin madarar da yake tara ciniki.

"Baki shi ke yanka wuya, Sarki."

Ya shiga zaro mata takardun ɗari-ɗari, duk waɗanda suka fi tsufa yake zaɓa, wata an ɗinke ta da zare, wata laushi kamar tsumma. Bai dame ta ba, waɗannan dai kowa ya san su, suna tafiya. Ya lissafa biyar, sannan ya zuba mata tsabar ƙarfe guda biyu a tafin hannu, ya dunƙule mata yatsu da kansa, yana ta zuba surutu.

"Hamsin da hamsin, ɗari shida cif. Maza ki tafi kada a rufe ofis. Ki gaida Gwaggo, ki ce ina yi mata jajen haihuwarki."

Wannan saurin sallama shi ya tsayar da ita. Ta buɗe hannu. Ɗaya hamsin ce ta gaske. Ɗayar kuwa faffaɗan maɓalli ne na ƙarfe, har da guntun zare a jiki.

"Kumfa. Wannan a wace ƙasa ake kashe ta?"

"Sabon fitowa ne. Masu ramuka huɗu. Don a riƙa ratayawa a wuya saboda masu mantuwa irinki."

Ta kai shi kusa da ido, sai ta saki salati.

"Maɓallin kwat ɗin maigidana! Wanda ka rantse haka aka kawo maka ita babu shi! Mutumin nan ya yi sati yana cewa ni na cire na sa wa jakata!"

Kumfa ya yi ƙoƙarin haɗe fuska, abin ya gagara. Dariya ta kece masa har ya zauna daɓas a kan ƙullin kayan mutane, yana share ido da gefen singileti.

"Na bi, na bi! Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ungo hamsin ɗinki. Ga kuma ɗari, kuɗin wankin zunubi. Maɓallin ma ki tafi da shi, kyauta."

"Kyautar kayana. Allah ya shirye ka."

Ta haɗa ɗari shida da ɗari huɗun mayafi, dubu ta tashi lafiyayya, ga ɗari riba. Ta ɗora ƙullin wankinta a ka, zuciya fes. Har ta sa ƙafa waje, sai ta waiwayo don ta ƙarasa shi.

"To yanzu ya za ka yi da 'yar shuɗiyar taka?"

"Kada ki damu. Baba yana bina dubu. Kin san idonsa ya yi rauni, shi dai ya ji takarda tana ƙara."

"Kawun nawa za ka cuta?"

"Wace cuta? Ai ba ya kashewa. Ƙarƙashin matashi yake ajiyewa, sai 'yar ƙanwarsa ta zo gaishe shi ya ba ta kuɗin mota." Ya ɗauki dutsen guga yana murmushi. "Yaushe ma za ki je?"

'Yar Gwaggo ta tsaya cik. Jibi ta yi niyya. Kuma duniya ba wanda ya isa ya mayar wa Kawu kyauta.

Ta dawo a hankali, ta kwance bakin mayafi, ta ajiye ɗarin a kan tebur, dariya na cin ta.

"Riƙe wannan, Ɗan Kawu. Ka rufa mini asiri, shuɗiyar nan ka kai wa mai sayar maka da gawayi."