Yadda Na Koma Ɗan Kallo a Shinkafi

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Shinkafi ba, ko da na so. Lokacin ina ji da kaina, don a Ƙaura Namoda har masu shayi Injiniya suke ce mini. Wani Alhaji, dillalin shanu mai cibiyar jarabawa ta kwamfuta, ya ɗauke ni in kula da suwic ɗinsa, akwatin nan da wayoyin kwamfutoci duka ke haɗuwa a jikinsa. Ranar ɗalibai za su rubuta jarabawar gwaji, kuma ranar zai yanke ko aikin ya zama nawa dindindin.

Akwai Malama Rabi, 'yar Jangeru, mai koyarwa a wurin. Ita ma tana da kalmar sirrin shiga suwic ɗin, abin da ya tsaya mini a wuya. Ina isa na buga umarnin da ke hana kowa taɓa saiti muddin ina ciki. (Na ce wai don tsaro ne. Ƙarya nake, kishi ne tsagwaronsa.)

Sai na kunna majigi don kowa ya shaida gwaninta. In ka tambayi suwic lafiyarsa, yakan zubo maka layuka kamar an kwance buhun gero, shi ya sa ake tacewa, ka ce ya nuna maka iri kaza kawai. Ni kuwa, gwani na gwanaye, na ce a cikin ƙofofinsa, wato ramukan da ake cusa wayar kowace kwamfuta, ya nuno masu aiki kaɗai. Suka jeru reras a bango.

"Alhaji, ka gani? Ko guda babu mai matsala."

"Madalla, Injiniya! Wanga aiki ya yi."

Kaina ya kumbura. Na kulle kwamfutata ban fita daga saitin ba, na kashe waya don kada a dami manya, na nufi kasuwa cin balangu.

Na dawo ina sakace, na tarar da rabin ɗaliban cirko-cirko a waje, wata har tana kuka. Kwamfutocinsu sun ƙi haɗuwa. Tun tuni Malama ta gano ƙofofi ashirin ne a rufe, gyaran minti biyu, amma wani mai hikima ya kulle saiti. Kashe suwic ɗin kuma zai katse wa waɗanda suka fara rubutu.

"Injiniya," in ji ta a sanyaye, "in ka ƙare sakacen, buɗe muna."

Na buɗe. Ta cire tacewar, majigi kuma na nan a kunne. Ƙofofin da ke rufe suka cika bango, sannan ta nuno wanda ya rufe su makon jiya wajen gwaji ya manta. Sunana ne, ɓaro-ɓaro. Wallahi na so ƙasa ta tsage.

Alhaji bai jin Turanci, amma ya iya lissafin garke.

"Ashe masu lahiya kaɗai ka tambaya? Ai ko ni, in na ƙirga shanun da ke tsaye kaɗai, ba ni da maras lahiya."

Bai kore ni ba, da ma korar ya yi. Ya damƙa wa Malama aikin, ya sa ta buɗe mini wata shiga ta kallo zalla: in gani, kada in taɓa.

Na koyi cewa in za ka tace, fara da abin da ba ka son gani. Yanzu duk sanda na hango matsala, sai in yi sallama a bakin ajinta, in jira ta gama darasi, in ce, "Malama, don Allah a taimaka a gyara."