Rariyar da Na Toshe

Ba zan taɓa mantawa da ranar walimar gidana ba. Ko na so in manta ma mutanen unguwarmu ba za su bari ba, domin har gobe in hadari ya haɗo sai wani ya sauke gilashin motarsa ya ɗaga mini hannu ya ce, "Alhaji, a kwashe takalma!"

Ni mai shagon shadda ne a kasuwar Daura. Shekaru na yi ina haya a cikin gari, sai da Allah ya buɗa na sayi gida a wata sabuwar unguwa ta masu hali da ke bayan gari, a gindin wani dutse. Manyan ma'aikata masu ritaya ne a wurin, da likitoci, da 'yan kasuwar kan iyaka. Unguwa ce da ba a sallama, hon ake yi. Ba akuya, ba mai talla, ba a shanya a kan katanga. In gishiri ya ƙare ana tsakiyar girki, sai na tayar da mota. Matata ta yi ƙorafi har ta gaji, wai ko maƙwabciyar da za ta ara wa turmi babu. Ni kuwa ko a jikina. Burina ɗaya ne: mutanen nan su ɗauke ni nasu, musamman Alhaji Mudi, tsohon babban jami'in kwastan, shugaban ƙungiyar unguwar, wanda duk gaisuwar da na rangaɗa masa da yatsa ɗaya yake amsawa.

Da bazara na sayi gidan, ƙasa a bushe ƙamas. Satin farko na ɗauko Kawu Sale, ƙanen mahaifiyata, manomi daga wani ƙauye a ƙasar Baure, don ya sa albarka (gaskiyar magana, don ya ga inda ɗan 'yar'uwarsa ya kai). Na nuna masa tayil, na nuna masa fitilun falo, ko kallo ba su ishe shi ba. Sai ya zagaya bayan gida, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon dutsen, sannan ya sunkuya bayan tankin ruwa ya gano wani rami a ƙasan katanga. Daga ramin nan wata kwata ta siminti ta ratsa tsakar gida, ta miƙe har gefen get, inda aka bar wata ƙatuwar rariya da tunkiya za ta shige ba ta sunkuya ba.

"Ka ga gidan nan da damina kafin ka saya?" in ji shi.

Na ce a'a.

Ya ce, "To. Rariyar nan ta gaba, kada ka taɓa ta. Wanda ya gina gidan ba mahaukaci ba ne da ya bar ta da faɗi haka. Dutse ba ya shan ruwa, ɗan nan, miƙo shi yake yi."

Na yi dariya na ce, "Haba Kawu, nan fa ba Baure ba ce." (Da na san yadda maganar nan za ta dawo mini, da na haɗiye ta da ruwa.)

Rariyar nan ta tsaya mini a rai. Duk gidajen layinmu gabansu sumul, nawa ne kaɗai da wawakeken baki a katanga kamar mai giɓi. A lokacin ban san cewa su bututu suka binne a ƙarƙashin ƙasa ba. Na kira birkila na ce ya toshe ta da bulo, ya cike kwatar, a shimfiɗa duwatsun daɓe na intalok a shafe da fenti. Shi ma sai da ya sosa ƙeya ya ce, "Alhaji, ruwan fa?" Na ce, "Wane ruwa? Kai dai yi aikin da aka sa ka." Ramin baya kuwa na bar shi yadda yake, tunda ba baƙon da zai leƙa bayan tanki. Wato dai na bar wa ruwa ƙofar shiga, na rufe masa ta fita, kuma da hannuna na biya ladan aikin.

Aka sa ranar walima. Na bi gida gida da katin gayyata, kuma abin mamaki suka zo, har da Alhaji Mudi. Bayan azahar malamai suka kammala saukar Alƙur'ani, manyan baƙi suka cika falo, takalmansu jere a tsakar gida a gindin matakala. Ni mai sayar da kayan ado ne, na san kaya in na gani. Takalman nan, wasu ko a Kano sai an yi oda.

Kawu ya iso a kan acaba da kaji biyu a rataye, da rigarsa ta zuwa kasuwa da takalmin roba. A nan ne na yi abin da har yau in na tuna nake jin kamar ƙasa ta tsage. Na tare shi tun a get, na karɓi kajin da sauri, na ce, "Kawu, zo ta nan, baya ya fi iska." Na kai shi can kusa da masu girki na shimfiɗa masa tabarma. Ya tsaya a gefen tabarmar. Ya dai dubi gabas, ya waiwaya wajen get inda rariya take a da, ya cire takalmansa ya ɗora a kan katanga. Na ce a raina, ka ga irin ƙauyancin da nake gudu.

Ina tsakiyar jawabin godiya, na kai daidai inda nake cewa na yi dace da maƙwabta na gari, sai ruwa ya kece. Ruwan shuka ne, na farko a shekarar, irin wanda ake yi kamar da bakin ƙwarya. Baƙi suka yi ta "Alhamdulillahi, gida ya yi albarka." Na ƙara gyara babbar riga na ci gaba da zuba. Matata ta leƙo ta labule tana yafuto ni, "Baban Amira, zo mana." Na yi mata alama da hannu ta dakata. Ta sake leƙowa, na harare ta. (Mata, ku yafe mana.)

Sai Alhaji Mudi, wanda ke zaune kusa da taga, ya gyara tabarau ya ce, cikin natsuwa kamar mai tambayar lokaci, "Malam, wancan da ke wucewa ba takalmina ba ne?"

Na leƙa. Tsakar gidana ta zama tafki. Jan ruwa ne ke tuttuɗowa daga bayan tanki, ya shanye matakala biyu yana neman ta uku, takalman manyan mutane kuwa suna ta zagaye a kai kamar agwagi. Na yi tsalle na faɗa ciki da shaddata, ruwa har gwiwa. Abin da hannuna ya fara kaiwa gare shi wata roba ce ta wanke hannu, da ita na shiga kwarfar ruwan dutse guda ina watsawa ta kan get. Likitoci da manyan ma'aikata sun yi cirko-cirko a baranda suna kallona. Wani har da ba ni shawara, wai in nemo bokiti.

Ana haka sai ga Kawu ya ɓullo daga baya, ya naɗe wando, ya saɓo taɓaryar masu girki a kafaɗa. Bai ko dube ni ba. Ya je gefen get ya laluba da ƙafa, ya ce, "Nan ne ko?" Na ce nan ne. Bugu huɗu ya yi, bulon da fentin da duk burgata suka zube waje.

Ruwa ya samu hanya, ya fita da gudu. Abin da ba wanda ya yi tunaninsa shi ne, da takalman zai fita. Ina ji ina gani suka bi layi ɗaya bayan ɗaya ta cikin rariyar, suka gangara titi. Unguwar kuwa gangare ce. Na buɗe get na bi su a guje, babbar riga ta jiƙe ta naɗe mini ƙafa, hula ta yi nata wuri, santsi ya kwashe ni na zauna daɓas a gaban gidan wani likita, masu gadi suna leƙe suna ƙunshe dariya. Na dawo da takalma rungume a ƙirji kamar mai talla, aka baje su a baranda, manyan mutane suka duƙa kowa na neman ɗan'uwan nasa. Na Alhaji Mudi ƙafa ɗaya aka samu. Ɗayar har yau Allah kaɗai ya san gonar da ta sauka.

A duk gidan nan, mutum ɗaya ne takalminsa ke bushe a ƙarƙashin inuwar tanki, a kan katanga. Kawu ya ɗauko su ya ajiye a gaban Alhaji Mudi ya ce, "Sa waɗannan ka ƙarasa gida, Alhaji, ƙasa da ƙaya."

Alhaji ya zura ƙafa a takalmin roba, ya juyo gare ni. "Wannan dattijon fa, wane ne?"

Na ce, "Kawuna ne, ranka ya daɗe."

"Kawunka? Uwa ɗaya uba ɗaya da mahaifiyarka? To ya aka yi ba mu gan shi a falo ba?"

Wallahi faɗuwar da na yi a titi ba ta kai wannan tambayar zafi ba. Kawu ne ya amsa, yana matse gefen rigarsa: "Ni na zaɓi baya, Alhaji. Nan ba Baure ba ce, ban san kan zaman ba." Ya faɗa ba tare da ya kalle ni ba, kuma na gwammace a ce marina ya yi.

Washegari da safe Alhaji Mudi da kansa ya dawo da takalman a cikin leda, ya zauna a tabarma suka yi ta hira da Kawu kan gero da taki, daga ƙarshe ya ɗauke shi a mota ya je ya duba masa wata zaizaya a bayan katangarsa. Yanzu yana gaishe ni da hannu biyu, amma gaisuwar ba ta wuce, "Yaya Kawu? Yaushe zai shigo?" In baƙo ya tambayi gidana da sunana, masu gadi ba su gane ba. Sai ya ce gidan Kawu. Ni da na sayi gida, ni na koma ɗan rakiya.

Abin da na koya bai da yawa. Gida da damina ake dubansa. In ka ga rami a katanga, tambayi dalilinsa kafin ka kira birkila. Kuma wanda ka kai bayan gida don kada ya ba ka kunya, sau da yawa shi ne zai fito ya rufa maka asiri.

Rariyar tana nan a buɗe, na sa mata raga kawai. Kawu bai taɓa tayar da zancen ba, ko sau ɗaya. Sai dai duk ranar da ya zo, ko da tsakiyar rani ne ba ko gajimare a sama, sai ya cire takalmansa ya ɗora a kan katanga, sannan ya shigo falo.