Maganin Ƙurajen Mika'ilu

"...ya kuma ƙarfin jiki, tsohuwa?"

"Jiki alhamdu lillahi. Wane ne wannan yake gaishe ni baki a tsuke kamar wanda ya saci goro?"

Mika'ilu ne, jikanta, tsaye a ƙofar sashenta da fartanya a kafaɗa. Iya Safara'u, kakarsa ta wajen uba, tana zaune a kan tabarma tana tsinke tafasa a faifai, don a shekarar nan ganye ne ya riƙe gidaje da yawa. Ba da gangan ya tsuke bakin ba. Leɓɓansa ne suka tsattsage, in ya buɗe su da yawa sai jini.

Shekara shida ƙuraje suna cin fuskarsa. Ya gwada sabulun salo, ya gwada toka da lemon tsami, ya shafa duk wani mai da ake tallarsa a kasuwar Ɗambatta, abin sai gaba yake. Daga ƙarshe ya sayar da ragonsa ya tafi asibitin fata a Kano, likita ya ɗora shi a kan wata ƙwaya mai ƙarfi. Wata huɗu ke nan yana sha, fuska ta kwanta luf. Amma yau da ya dawo daga fadamar Watari ya buɗe jakarsa, sai ya ga babu katin ƙwayar ɗaya cur. Mahaifiyarsa kuwa ta ce ba wanda ya shiga ɗakin sai Iya, wai ta je aron rediyo.

"Iya, ba wasa ya kawo ni ba. Ina maganina?"

"Ikon Allah! Miji ya shigo wurin matarsa, babu cefane, babu ko ƙullin gishiri, sai tuhuma. Ka ga na yi kama da kemis?"

"Kin yi kama da wadda ta shiga ɗakina."

"Ɗakin mijina ne, in shiga in fita. Ai ma na gode Allah da na fito da raina. Wari kamar an yanka albasa an manta da ita."

"Albasar nake nomawa, ita kike ci a miya. Ina katin?"

"Matso in gan ka tukuna." Ta kare ido da tafin hannu ta leƙa fuskarsa. "Oh ni Safara'u! Da fuskar nan kamar bayan kada take, yaro in ya gan ka sai ya ruga. Yanzu ga ta sumul, amma kana saɓa kamar maciji. Ni dai ban yi sa'ar miji ba. Na rabu da kada na auri kumurci."

"Wa ya ce zai zauna da ke? Haƙora biyu suka rage miki, su ma ba sa gaisawa."

"Da su na cinye kakanka da gonakinsa. Kai da talatin da biyunka me ka ci? Jiya ina kallo, loma ɗaya ta tuwo sai da ka raba ta uku kafin ta shiga."

Mika'ilu ya ajiye fartanya ya tsuguna, gwiwoyinsa suka yi ƙara, ya saki nishi bai shirya ba.

"Ka ji ko! Ka ji ko!" in ji Iya tana tafa hannu. "Ni mai shekara tamanin ba na wannan nishin. Ranar Juma'a aka ce sai da Malam Nababa ya kama ka kafin ka tashi daga sujada."

"Ƙarya ake yi mini. Maganin ne yake sa ciwon gaɓoɓi, likita ya faɗa tun farko."

"Haɓon da kake yi kullum fa?"

"Shi ne."

"Idon nan da ya yi ja kamar na mai gasa tsire?"

"Shi ne."

"Faɗan da kake yi wa kowa a gidan nan, har da kaji?"

"Wannan ke ce."

"To wannan magani ne ko dukan kawo wuƙa? An gyara bango an rushe ɗaki. Wai har da sharaɗin sai an ci abinci mai maiƙo a sha shi. A bana! Mutane suna neman abin da za su kai baki, kai ka kawo mana ƙwaya mai neman man gyaɗa. Ita ma amarya ce?"

"Iya, rana tana ƙona ni a fadama kamar an watsa mini barkono, ban yi kuka ba. Watan farko ƙurajen ƙaruwa suka yi, kika ce a kai ni wurin mai ruƙiyya, na haƙura. Duk wata sai an ɗebi jinina an auna. Saura wata biyu in gama, ba zan tsallake ko kwana ɗaya ba. Don Allah ba ni abina."

"Ka ji rowa. Kwali guda gare ka, don an ɗauki ɗan kati ɗaya kake neman tara mini jama'a."

"Au, kin ɗauka ke nan."

"Ban ce na ɗauka ba. Cewa na yi an ɗauka."

"Me za ki yi da shi? Fuskar taki ai ba ƙuraje ba ne, kunya-kunya ce irin ta gonar dawa. Wannan ko injin huɗa ba zai baje ta ba."

"Ni da kyauna aka haife ni, ɗan nema. Luba na tausaya wa."

Luba matar Khalilu ce, wan Mika'ilu, kuma duk gidan an san tana da ƙaramin ciki, ko da yake ba mai faɗa a fili.

"Luba? Wace Luba?"

"Luba nawa gare ku? Tun da ta samu rabon nan fuskarta ta feso, yarinya ko biki ba ta son zuwa. Na ce tunda abin ya gyara kada, ai mutum ma zai gyara shi."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Iya, kin ba ta?"

"Kai, sassauta murya, ba kurma ba ce ni."

"Kin ba ta ko ba ki ba ta ba?"

"In na ba ta fa? Sammu ne a ciki?"

Bai tsaya amsawa ba. Ya miƙe zumbur, ya manta da ciwon gwiwa, ya nufi sashen Khalilu da gudu har takalminsa ɗaya ya fice.

"Kai! Mika'ilu! Dawo nan, ba ta nan! Ta tafi awo Shanono tun da sassafe!"

Ya tsaya cak, ya juyo yana haki.

"Na je da hantsi in kai mata, na tarar har ta hau babur," in ji Iya, muryarta ta ɗan sauka. "Jira nake ta dawo. Wai mene ne haka kake zazzare ido?"

Ya dawo ya durƙusa a gabanta, wannan karon babu wasa a fuskarsa.

"Iya, ranar da likita zai ba ni maganin nan sai da ya tambaye ni ko akwai mata a gidanmu. Ya ce ko ƙwaya ɗaya kada mai ciki ta sha. Yana iya zubar da cikin, in kuma bai zube ba a haifi yaro da nakasa, a kai ko a zuciya ko a kunne. Ko jini ya hana ni bayarwa, don kada a ƙara wa mai ciki. Sau uku yana maimaita mini."

Ganyen tafasar da ke hannun Iya ya zube a kan tabarma. Shekara huɗu Luba tana jiran wannan cikin, kuma Iya ce ta fi kowa yawan addu'a a kai.

"Ɗan ƙanƙanin abin nan?" ta ce a hankali.

"Shi."

Ta jawo haɓar zaninta, ta shiga kwance ƙulli. Ƙullin ya ƙi, ta sa haƙoran nan biyu ta ja. Katin ya faɗo. Mika'ilu ya ɗauka ya jujjuya shi, ya ga ko ɗaya ba a ɓalle ba. Sai a lokacin ya saki numfashi ya zauna daɓas a ƙasa.

"Allah Ya tsare," in ji Iya. "Allah Ya tsare. Da yanzu da wane ido zan kalli Khalilu?" Ta share fuska da bakin mayafi, sannan ta harare shi. "Kai ma da laifinka. Mutum ya ajiye guba a jaka ko kwaɗo babu?"

"Au, ni ne ma mai laifin? Ɓarawo ya shiga ɗaki, a kama mai ɗaki?"

"Wa kake kira ɓarawo? Aro na yi."

"Aron da ba a tambaya ba, a garinmu sunansa daban. Yau zan saya wa jakar kwaɗo, in saya wa ƙofa, in da hali ma in saya wa haɓar zaninki."

"Ka saya wa bakinka, shi ya fi buƙata."

"Kuma daga yau kin daina raba wa mutane magani. Na ciwon ƙafarki ma na ji har Mairo mai ƙosai kin ba."

"Ai ta warke."

"Iya!"

"To, to, na ji! Na daina. Yaro sai ka ce alƙali."

Ta dafa bango ta miƙe, ta shige ɗaki. Ya ji tana jan tsohuwar adakarta tana mita. Can ta fito da wata malafa mai faɗi, an yi mata ado da jar fata, ta kakkaɓe ta, ta kifa masa a ka har ta rufe masa ido.

"Ta kakanka ce. Shekara goma sha biyu ina ɓoyonta, ubanka ma ya roƙa na hana. Ka riƙa sawa a fadama kafin ranar nan ta ƙarasa soya mini kai."

Mika'ilu ya ɗaga gefen malafar ya leƙo ta.

"Wato dai kin yarda na kayar da ke yau."

Iya ta fashe da dariya har tana riƙe ciki.

"Ka kayar, ɗan banza, ka kayar. Tashi ka ɗauko takalminka kafin akuya ta riga ka."