Ruwan da Inna Ta Tace

Ba zan taɓa mantawa ba da dogon hutun da na yi ina aji uku a jami'a, lokacin da nake jin kaina wani ƙaramin farfesa. Malamarmu ta kemistiri, Dakta Rifkatu, ta ba ni aikin bincike: in auna laka da ragowar takin zamani a ruwan da ke fitowa daga dam ɗin Goronyo zuwa fadamun Wurno. Da makinsa za a zaɓi waɗanda za su ci gaba da aiki a ɗakin gwajinta, ni kuwa na ƙwallafa rai.

Mako biyu ina bin hanyoyin ruwa a kan keke, sanye da farar rigar ɗakin gwaji (babu wanda ya ce in sa, so nake masu shinkafa su gani). Na cika kwalabe goma sha biyu, kowace da sunan wurin da na ɗebo. Gidanmu babu firji, sai na jera su gindin randar Inna, mahaifiyata, inda akwai sanyi.

Ta tambaye ni mene ne amfanin wannan jan ruwa. Na ce mata kimiyya ce, ba za ta gane ba. Ta ci gaba da damun furarta.

Ranar komawa na ga ruwan ya yi garau, na ce lakar ce ta kwanta. Na yi gwaji, kwalabe goma sha biyu suka ba ni amsa ɗaya. Mai hankali da ya tsaya ya yi tunani. Ni kuwa na tsaya gaban aji, ina gyara wuyan riga, na sanar cewa ruwan fadamarmu ya fi na famfo tsabta.

Dakta ta ɗaga kwalba ɗaya ta duba, ta buɗe, ta sansana. Ta ce shekarunta da yawa tana auna ruwan dam, ba ta taɓa jin yana ƙamshin randa ba. Ta ɗiga wani sinadari, ta ce kuma alam ya cika shi. Ajin ya fashe da dariya, na rasa inda zan sa kaina. Har muka gama jami'a ana kirana Farfesa Alam, gurbin ɗakin gwajin kuma wani ya samu.

Na koma gida da fushina. Inna ba ta ko musa ba. Ashe haɗe su ta yi a kwano ɗaya, ta sa alam, ta tace da farin ƙyalle, ta mayar da shi cikin kowace kwalba ta goge.

"To mi kaka so in yi?" ta ce. "In ka kai ma malamanka wanga ƙazamin ruwa, cewa za su yi ba ka da uwa."

Shekara tara ke nan da rasuwarta, Allah ya jiƙanta, kuma kullum ina kewarta. Darasin dai na ɗauka: wanda zai kwana da kwalabenka, yi masa bayani, ko da kana jin ka fi shi boko. Yanzu ina da firji har biyu a wurin aiki. Ruwana yana isa da lakarsa yadda na ɗebo shi, babu mai taɓa mini.