Rasuwar Uwar-ɗaki, Kwamfutar da Aka Ɗinka wa Riga

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwan da har yanzu ba su koma riƙon almakashi daidai ba, iyalan gidan masu ɗinkin rigunan kujeru suna sanar da 'yan uwa, maƙwabta da kwastomomi rasuwar Uwar-ɗaki, tsohuwar kwamfutar da ta goyi shagonsu na intanet. Ta cika a ƙarƙashin teburin yankan yadi, inda ta yi zamanta duka, bayan gajeriyar rashin lafiya mai zafi. Duk wanda ya nemi shafin shagon a 'yan kwanakin nan ya tarar da shi fari fat, kada ya zargi wayarsa. Mai riƙe da shafin ce ta tafi.

Marigayiya ba haihuwar gidan ba ce. Ta yi ƙuruciyarta a wani ofis, da tsufa ya kama ta aka sallame ta ba ko na gode. Yaya, babban ɗan gidan, shi ya ɗauko ta a bayan babur. Ya ce masu shago a intanet haya suke biyan manyan kamfanoni don a ajiye musu shafi, shi kuwa ba zai biya haya ba alhali ga wuri a ƙarƙashin tebur. Ya yi kwanaki yana danne-danne yana faɗa da ita, har ya zuba mata hotunan duk abin da gidan ke ɗinkawa: rigar kujera, rigar firij, rigar talabijin, rigar keken ɗinki. Daga nan ya kafa doka biyu, kada a kashe ta, kada a taɓa ta. Bai faɗi dalili ba, don a wurin Yaya bayani ɓata baki ne.

Wanda ya zauna da ita zai shaide ta. Ba ta barci, ba ta gulma, ba ta taɓa ɗaure wa mai saye fuska don ya duba kaya ya tafi bai saya ba. Nawa kam tana da shi. Kafin ta buɗe hoto ɗaya mutum zai iya zura zare a allura ya ƙulle. Amma ba ta taɓa ƙin buɗewa ba. In an kawo wuta sai ta ce "ƙiiit", kamar mai sallama. Yini guda fankar bayanta tana "wuuu". In kuwa aka ji "ƙirit, ƙirit" a cikinta, to wani ne a can nesa yake duba kaya.

Cikin masu wannan rashi babu kamar Auta, ƙaramar 'yar gidan. Auta ta iya ɗinki har Inna ta sakar mata keke, amma ba ta iya mutane ba. Kafin zuwan marigayiya, in Inna ta zaunar da ita a ƙofar shago, mai saye na tambayar farashi sai ta sunkuyar da kai ta kama wasa da gefen mayafi, har ya gaji ya wuce. Karatunta bai yi nisa ba, amma ya ishe ta karanta oda ta rubuta amsa. Uwar-ɗaki ce ta zama bakinta. Ita ke tarbar baƙi, ita ke faɗin farashi ba kunya, Auta na ciki tana taka keke hankali kwance. Inna ta sha faɗa mata cewa duk ranar da na'urar nan ta tsaya, ƙofar shago na nan tana jiran ta. Shi ya sa kullum da safe Auta kan durƙusa ta goge wa marigayiya ƙura da ƙyalle, daga nesa-nesa, don kada ta karya dokar Yaya.

Ga yadda ajali ya zo. A gidan nan ba a barin abu ba riga. Kujeru suna da riga, firij na da riga, har butar shayi an yi mata hula. Marigayiya kaɗai ke zaune haka nan, ƙarfe tsirara, abin kuma ya daɗe yana cin Inna a rai. Sai ga saƙo daga wata mai babban shago a kasuwa, cewa za ta zo ta ga ɗakin da ake ɗinkin da idonta kafin ta ba da oda mai yawa. Yaya kuwa ya yi tafiya.

Inna ta tsaya a kan marigayiya ta riƙe ƙugu.

"Mu da muke rufa wa kayan mutane asiri, a zo a tarar da wadda ke ciyar da mu a tuɓe? Auta, miƙo min awo."

"Inna, Yaya fa ya ce kada a taɓa ta," in ji Auta, murya can ƙasa.

"Taɓawa daban, suturtawa daban. Shi ma yayan naki wa ya fara sa masa wando?"

Iyalan ba sa zargin kowa. Don a san gaskiya kawai suke bayyana cewa Inna ce ta auna, Auta ce ta ɗinka, Baba ne ya ja zif. Riga ce wadda ba a taɓa ɗinka irinta a gidan ba. Yadi mai kauri ruwan goro, soso ninki biyu a ciki, leshi a gefe, ta zauna ɗas ta ko'ina, ko allura ba za ta sami hanyar shiga ba. Auta ta zuba duk iyawarta a ciki, don ba ta san wata hanyar cewa na gode ba.

Da farko marigayiya ta ɗaga murya, "wuuu" ya koma "wuuuuu". Inna ta ce murna take yi. Can da rana ta yi tari sau ɗaya, ta yi shiru. Baba ya gyara kwanciya a kujera ya ce yau dai an samu lafiyar kunne a gidan nan, ashe sanyi ne ke sa ta kuka tun tuni. Baƙuwa ta zo, ta shafa rigar, ta yaba, ta ce ana jin wani ɗan ƙauri a ɗakin. Aka ce dutsen guga ne. Ta ce za ta aiko da odarta ta shafi. Har yau shafin bai buɗe ba.

Da Yaya ya dawo da yammacin ranar ya zuge zif ɗin, zafin da ya fito sai da ya ja da baya. Ya daɗe yana kallon Inna, Inna na kallon sa.

"Inna, ta baya take numfashi."

"To da bakinka ciwo yake yi da ba ka faɗa ba?"

Aka tambaye shi kwafin hotuna da sunayen kwastomomi da ya sha cika bakin ya adana. Ya ce yana nan lafiya ƙalau, ya ajiye shi wuri mai kyau. Da aka matsa masa, sai ya nuna cikin marigayiya da yatsa.

An kira mai gyara. Ya kwance ta, ya shinshina, ya girgiza kai, ya ce a yi haƙuri. Yana tattara kayan aikinsa idonsa ya faɗa kan rigar. Ya ɗaga ta, ya juya cikinta waje, ya bi ɗinkin da yatsa.

"Wa ya yi wannan aikin?"

Inna ta buɗe baki za ta amsa, sai ta fasa, ta juya ta kalli Auta. Yaya ma ya kalle ta. Auta ta duba ƙarƙashin tebur, inda ta saba samun mai amsa mata, ta ga wayoyi kawai a zube. Mai gyara har ya fara neman takalminsa.

"Ni ce," in ji ta.

Mai gyara ya ce, "To ƙanwata, ina son irinta wa firij ɗina. Amma don Allah a bar masa taga a baya, ina son abina."

Auta ta ce za a bari. Har ta tambaye shi tsawon firij ɗin, ba ta kuma kama gefen mayafi ba sai da ya fita.

Marigayiya ta rasu ta bar allo ɗaya mai tsaga a gefe, madannai da harafi biyu suka goge, da wayoyi masu yawa da ba wanda ya san inda suka dosa. Ta bar Yaya, wanda yanzu yake bin kamfanonin da ya raina yana tambayar kuɗin haya a ɓoye. Ta bar Baba, wanda ya ce shirun ya fara damun sa. Ta bar Inna, wadda har gobe ta tsaya a kan cewa ko ba komai baiwar Allah ta tafi da suturarta.

Za a fitar da ita gobe da hantsi, in mai sayen tsofaffin ƙarafa ya biyo layin da kurarsa. Za ta tafi ba riga, bisa shawarar mai gyara. Ana karɓar gaisuwa a ƙofar shago daga safe zuwa yamma, kuma Auta ce za a tarar a kan benci. Wanda ya taɓa ba da oda ta shafi ya zo ya maimaita da baki, mai sabuwar kujera ya zo da awonta. Iyalan suna roƙon masu zuwa kada su cika kallo, su yi tambaya ɗaya-ɗaya, su kuma jira amsa. Duk wanda ya iya jiran marigayiya ta buɗe hoto, zai iya jiran Auta ta buɗe baki.

Allah ya ba mu haƙurin rashi.