Rasuwar Tabaran Mai Shimfiɗa Tayil

Da zuciya mai cike fal da baƙin ciki nake sanar da 'yan uwa da abokan sana'a rasuwar tabarauna, wanda ya cika jiya da hantsi a hannun likitar ido, bayan shekara bakwai a kan karan hancina.

Ni mai shimfiɗa tayil ne, abincina yana kan layi miƙaƙƙe. Idona kuwa tun haihuwa bai san miƙaƙƙe ba. Likita ta ce fuskar idon ba zagayayya ba ce kamar ƙwallo, ta ɗan yi tsawo kamar ƙwai, shi ya sa layi ɗaya ke zame mini biyu, fitilar mota ta yi gashi, kai ya yi ta sara. Astigmatizim ta kira abin. Marigayin ne ya raba wannan rigima. An wasa kowane gilashi nasa a kan wata kusurwa da ta dace da idona ni kaɗai, don haka ba a aro, ba a sayen irinsa a bakin titi.

Mai haƙuri ne. Ya sha ƙurar siminti da zufa, an goge shi da bakin riga sau ba adadi bai taɓa ƙorafi ba. Maganarsa duka ba ta wuce “ƙyas” ba idan na naɗe shi. A dalilinsa shugaban aikinmu yake nuna ni ga baƙi yana cewa idona ya fi ma'auni. Ban taɓa gaya masa idon waye ba.

Ciwon ajali ya fara ranar Litinin ina wanka. Ɗan notinsa ya kwance, gilashin dama ya faɗo. Uwar 'ya'yana, Allah ya saka mata da alheri, ta tsinta ta mayar, ta bi gefen da gam mai ƙarfi. “Maigida, ga shi nan garau, har abada ba zai sake faɗowa ba,” in ji ta. Gaskiya ta faɗa. Sai dai gilashin zagayayye ne, kowace fuska aka juya shi zai zauna, kuma a juye ya zauna.

Kwana biyu ina aiki da shi a banɗakin bene na wani sabon gida. Ƙasa ta riƙa karkace mini, kaina kamar ana dakan sakwara. Na ɗora ma'aunin nan mai ɗigon ruwa a tsakiya, ya ce daidai nake. Na ce ƙarya yake, tsufa ya kama shi, na jefa shi cikin jaka. Na ƙara siminti a wajen ramin fitar ruwa har idona ya gamsu. Girman kai ne, ba na ɗora wa kowa.

Jiya likita ta ɗaga marigayin a haske, ta dube ni. “Malam, wa ya yi wannan aika-aikar? Da shi kake tafiya ba ka faɗi ba?” Ta yi ƙoƙarin ɓamɓaro gilashin, gam ya ce bai san zancen ba. Sai muka ji “tas”. Sabon tabarau sai bayan kwana tara.

Daga can na wuce banɗakin, na rufe ƙofa, na tsiyaya ruwan gorata a ƙasa. Ruwan ya juya wa ramin baya, ya nufi ƙofa, hanyar ɗakin kwanan da aka gama shimfiɗa wa katako. Siminti kuwa ya riga ya kama.

Marigayin ya bar gidansa na roba, da ƙyallen goge shi wanda bai taɓa mora ba, da tabo biyu a hancina, da mace ɗaya da ta kasa haɗa ido da ni, da yara huɗu masu ci daga layin da ba na iya gani yanzu. Masu ta'aziyya su daina miƙo mini nasu tabarau, jiri suke sa ni.

Za a yi jana'iza gobe da ƙarfe takwas na safe a banɗakin. A wannan lokacin ne shugaban aiki ke zuwa da mai gidan da bokiti cike da ruwa, ya sheƙa a ƙasa, kamar yadda yake wa kowane banɗaki kafin ya biya ma'aikaci ko ya kore shi. Zan riga shi isowa da guduma. Kafin ya ɗaga bokitin zan ajiye gawar a tafin hannunsa in gaya masa idon waye yake yabo shekara bakwai.

Idan ya bar ni in fasa in sake, za a binne marigayin a ƙarƙashin tayil na farko. Idan bai bari ba, kada jama'a su watse, akwai gawa ta biyu, tawa.