Sammu a Kwamfutar Ƙungiya

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da na zama sakataren ƙungiyar manoman garinmu, can wajen Cadakori. Da bazara na hau kujerar, kuma Allah shaida ne, ban taɓa son wani abin duniya kamar yadda na so ta ba.

Ni ban yi lakol ba, wato makarantar boko. Allo na yi, na sauke, na iya ajami har ana yabon hannuna. Shekara da shekaru ni ke rubuta wa mutane saƙo zuwa ga 'yan'uwansu da ke ci-rani. Sai waya ta zo, kowa ya riƙa danna ta yana zuba magana da bakinsa, alƙalamina ya bushe. Boko kuwa da girmana na koye shi, a karatun yaƙi da jahilci, ina haɗa baƙi kamar mai tafiya kan ƙaya. Don haka da Alhaji Garba, shugaban ƙungiya kuma wan matata, ya ce ni za a ba buro, wato ofishin ƙungiya, da kwamfuta, sai na ji kamar mutuncina aka dawo mini da shi. (Kowa ya san Lawali maƙwabcina ya fi ni cancanta. Ya yi lakol mai zurfi, kuma shi ma ya nemi kujerar. Sai dai Lawali ba ya auren ƙanwar shugaba.)

Kwamfutar daga Maraɗi aka kawo mana ita, da Faransanci aka saita ta. Kilabiyenta, wato farantin nan mai maɓallan rubutu, ya fashe a hanya, sai Alhaji ya sayo wani a Jibiya. Ashe na Najeriya jerin baƙaƙensa daban ne. Ka danna A, sai Q ta fito a gilashi. Ka danna M, sai waƙafi.

Mai hankali da tambaya zai yi. Ni kuwa tsoro nake kada in buɗe baki a ce, ai ga Lawali nan. Sai na rufe ƙofa, na riƙa danna maɓallan ɗaya bayan ɗaya ina kallon abin da kowanne ke haifarwa. Na yanka takarda ƙanana, na rubuta wa kowane maɓalli sunansa na gaskiya da ajami, na manna da ƙaro, irin wanda nake dama tawada da shi. Na ɗan ƙara masa sukari, domin na taɓa jin an ce yana ƙara danƙo. Duk takardar da ta ɗaga kai, sai in ɗiga mata wani da bakin alƙalami. Ban yi rowa ba.

Aiki ya tafi daidai. Dattawa suka riƙa leƙowa su ga injin Nasara da aka musuluntar. Ni kuma ina gyara zaman hula ina cewa ai ilimi ɗaya ne, baiwa ce kawai.

Sai damina ta sauka, iska ta yi nauyi, injin ya haukace. In danna baƙi sau ɗaya, sai ya yi ta gudu har ƙarshen layi ya gangara na ƙasa. Wani lokacin wasu alamomi ne ke fitowa, su ba boko ba, su ba ajami ba. Wani lokacin in taɓa maɓalli, abin da na wuni ina rubutawa ya ɓace, wata taga ta buɗe da kanta tana yi mini tambaya da Faransanci. Ga aikin rabon taki ya taso, kowa takarda yake jira daga hannuna.

Babu abin da ban yi ba. Na kashe na kunna. Na zare waya na hura mata iska na mayar. Na zargi wutar rana da muke amfani da ita, na jira har hadari ya washe. Na goge gilashin da hannun riga, kamar baƙaƙen datti ne suka yi. Na karanta abin da ya sauwaƙa na tofa, na yi turare, na lulluɓe injin da darduma ya kwana. Da safe ya tashi da haukarsa. Abinci ya daina shiga mini. In na yi sujada, baƙaƙen nan nake gani suna gudu.

Ana cikin haka, wata rana ruwa ya koro Lawali cikin buro. Ya tsaya yana kallon kilabiyen, ya shafa shi da yatsa, ya duba yatsan.

"Malam, wanga abu ba ya son danshi fa," in ji shi.

Da ruwa ya ɗauke ya tafi abinsa. Ni kuwa Shaiɗan ya samu wurin zama. Me ya sa ya shafa? Me ya sa ya yi murmushi? (Ban ma tabbata ya yi murmushin ba. Daga baya na ƙara shi.) Bayan la'asar na ja Alhaji gefe.

"Yaya Alhaji, injin nan ba ciwon Allah da Annabi yake yi ba. Hannu aka sa masa."

"Hannun wa?"

Ni da na san hukuncin zato, ni da nake karantar da shi, na buɗe baki na ambaci sunan maƙwabcina. Alhaji mutum ɗaya ya gaya wa, wancan ɗin ma mutum ɗaya ya gaya wa. Kafin Juma'a uwar Lawali ta daina amsa gaisuwar matata a bakin rijiya.

Alhaji ya aika Gidan Rumji a kira mai gyara, ya kuma tara 'yan kwamiti. Ya ce mini, "In an duba inji lahiya lau, to maganarka ta tabbata, mu san abin da za mu yi da Lawali. In kuwa ɓarnar daga gare ka take, ka san ba ni iya tare maka."

Mai gyaran mace ce, Madam Rabi, ta iso kan babur da laka har gwiwa. Buro ya cika, wasu ta taga suke leƙe. Lawali ya jingina da ƙofa, hannuwa a ƙirji.

Ta fara da nuna wasu baƙaƙe biyu ƙanana a kusurwar gilashi. "Baba, kilabiyenku na Ingilishi ne, inji kuwa Faransanci yake saurare. Nan ake canza mashi." Ta danna, ta canza. Abin da na yi ta yanka takarda dominsa ke nan. Na haɗiye wannan, na ce ai ba shi ne ciwon ba.

Ta ce ta sani. Ta fito da hoton kilabiye a kan gilashin, ta riƙa taɓa baƙaƙen da linzamin kwamfutar, ɗan abin nan da ake ja da hannu, suka fito tsaf. Ta zare nawa, ta jona wani da ta zo da shi a jaka, ta rubuta layi guda babu tuntuɓe.

"Inji lahiya lau yake," in ji ta.

Allah ya gafarta mini, daɗi na ji. Har na juya na dubi Lawali, na gyaɗa kai a hankali yadda kowa zai gani.

Sai ta ɗauki kilabiyena. Ta kai shi hanci. Ta ciro tsinke ta ɓanɓare maɓalli ɗaya, ya taso yana jan zare kamar yauƙin kuɓewa. Ta kife farantin a kan tabur ta bubbuga bayansa. Kiyashi suka zubo. Ba kaɗan ba, gari guda, har da masu ɗauke da ƙwai, suka watsu suna hawa rigar ma'ajin ƙungiya.

"Baba Malam, mi kuke ba shi yana ci?"

"Ƙaro ne," na ce, da wata murya da ban san ina da ita ba.

"Ƙaro kaɗai?"

"Da ɗan sukari."

Ta bayyana wa jama'a, cikin ladabin da ya fi zagi ciwo, cewa danshin damina ya narkar da ƙaron ya gangara ƙasa. Wasu maɓallan in an danna ba sa tasowa, shi ya sa baƙi ke gudu. Waɗanda ke sauya aikin sauran kuma sun manne tun tuni, shi ya sa alamomi ke fitowa. Babu wanda ya yi dariya tukuna, ana jin nauyin furfurata. Sai Lawali ya yi gyaran murya.

"Alhaji, in ni na turo su, a tambaye su. Ga su nan da yawa, ba a rasa mai gaskiya cikinsu."

Nan buro ya fashe. Ma'aji yana kakkaɓe riga yana hawaye. Na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi, ga siminti. Alhaji bai yi dariya ba, bai kuma dube ni ba.

"Malam, aje makullin bisa tabur."

Na ajiye, ya manne da yatsana, sai da na girgiza shi.

Da yamma na je gidan Lawali na durƙusa, ni da na girme shi. Ya yafe tun ban gama magana ba, har ya sa aka kawo mini fura, abin da ya ƙara kashe ni. Shi ne sakatare har yau, kuma aikin yana kyau, ba zan yi masa ƙarya ta biyu ba. In na wuce ta gaban buro ina jin ƙarar maɓallan, sai in ƙara sauri kamar mai wani uzuri, alhali babu inda ake jirana.

Abin da na samu a kujerar nan bai wuce wannan ba: in abu ya lalace a hannunka, kafin ka nuna wani da yatsa, fara lasar yatsan. In ka ji zaƙi, ka yi shiru.